Daga Littafi Zuwa Dandali: Tambayoyin da Malamai Ke Yawan Yi Mini

Na daɗe ina kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wata makarantar sakandare a Gusau. Da zarar bikin yaye ɗalibai ya ƙarato, sai 'yan'uwana malaman Hausa daga Ƙaura Namoda da Tsafe da Talata Mafara su dinga kirana, kusan duk da tambayoyi iri ɗaya. Ga su nan, da abin da nakan ce musu.

Ashe ba Turawa ne suka kawo mana wasan kwaikwayo ba?

Abin da suka kawo shi ne rubuta shi a takarda, da dandamali, da labule. Kwaikwayo kuwa sun tarar da mu muna yi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga tashe idan azumi ya kwana goma: yaro ya liƙa auduga a haɓa, ya cusa tsumma a doro, ya ranƙwafa bisa sanda, nan take ya zama tsoho, ba kuma mai tambayarsa takardar haihuwa. A wasan kalankuwa, bayan amfanin gona ya zo gida, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi shari'a ana dariya. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, har sarkin ya gane abin da ba a iya faɗa masa baki da baki. Ga 'yan kama, masu shigar malamai su zuba wa'azi a kan tuwo da miya.

A rubutaccen ma ba a bar mu a baya ba. Ɗaya daga cikin wasannin Hausa na farko da aka buga shi ne Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara.

Me zai hana in raba wa yara shafukan littafin su haddace kawai?

Na taɓa yin haka, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Yaron da ya fito a Alhaji Imam, jarumin littafin, ya tsaya ƙiƙam yana zuba hadda kamar mai biya allo. Ba a yi minti goma ba iyaye suka fara fifita da takardar shirin biki, 'yan aji ɗaya suka koma wajen mai ƙanƙara. Laifin nawa ne. Littafin labari ne da mutum guda yake bayarwa da bakinsa: na je gari kaza, na tarar da kaza. A takarda wannan daɗi gare shi. A dandali kuwa, mai kallo ba labarin abin da ya faru ya zo ji ba, so yake abin ya faru a gabansa.

Da shekara ta zagayo sai muka sake lale. Muka bar tafiye-tafiyen duka, muka ɗauki karo uku kacal tsakanin Alhaji da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, inda wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama. Duk inda littafi ya ce "na ce masa", sai mu tsayar da mutum biyu su faɗa wa juna. Abin da ya rage na labari muka ba wani yaro mai kalangu, ya zama maroƙi, shi ke haɗa fitowa da fitowa cikin waƙa, sauran yara na amshi kamar 'yan tashe. Minti arba'in wasan ya ci, babu wanda ya tashi.

Ba mu da kuɗin kayan wasa. Ina za mu samo raƙuma da hamada?

A wurin 'yan tashe za ku samo su. Yara biyu a ƙarƙashin bargo ruwan ƙasa, na gaba ya ɗaga muciya da aka naɗe da tsumma, raƙumi ya samu. Guguwar hamada kuwa, 'yan wasa shida su kama farin zane su dinga kaɗa shi, mai ganga ya tsananta kiɗa. Tabarma da buzu sun isa fada, in dai akwai mai kirari. Ni na fi son a yi wasan a fili, 'yan kallo su yi da'ira, a kan a hau dogon dandamalin zauren taro inda na baya ba ya jin komai sai ƙarar janareta.

Idan na yanke ko na ƙara, ban ci amanar marubuci ba?

Yanka dole ne. Magana Jari Ce littafi uku ne, ba mai iya sa shi a yini guda. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: mene ne ƙashin bayan labarin? A littafi na ɗaya, aku yana jan Musa ɗan sarki da labarai ne don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Idan ka zaɓi labarai biyu ka bar wannan fargabar tana tafiya, ka riƙe amana. Idan ka cire ta, ka mai da aku ɗan barkwanci kawai, ka sayar da doki ka riƙe linzami. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cusa wa mutanen littafi wa'azin da ba nasu ba, wai don a burge babban baƙo.

Da wace Hausa za su yi magana, ta littafi ko ta gida?

Mai ba da labari ya tsaya kan daidaitacciyar Hausa, don ita za su rubuta a jarrabawa. Amma ɗan kasuwa da dogari da tsohuwa mai fura, ƙyale su su yi Zamfarci. Ranar da wata yarinya ta dubi Malam Zurƙe ta ce, "Kai wanga malami, mi kaka nema nan?" sai da aka dakata dariya ta lafa. Masu kallo sun ji muryar gwaggonsu ce.

Littattafan ƙetare fa, irin na Shakespeare?

Ana yi, an kuma daɗe ana yi. Ibrahim Yaro Yahaya ya mai da ɗaya daga cikin wasanninsa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Shawarata ita ce ka fara da na gida, yara su san daɗin abin tukuna.

Sai na nemi izini?

Shakespeare ya rasu tun 1616, nasa ya zama na kowa. Na marubutanmu ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1966, saboda haka ayyukansu na ƙarƙashin kariya har yanzu. Idan za ka sayar da tikiti, ko ka ɗauka a bidiyo ka ɗora a YouTube, rubuta wa kamfanin da ya buga littafin tukuna.

Iyaye na ɗari-ɗari, ga halin tsaro. Anya yanzu lokacin wasa ne?

Ɗari-ɗarin iyaye yana da magani. Kai musu rubutun wasan su gani, gayyaci limamin unguwa ranar gwaji, 'yan mata su yi shigar mutunci, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ban taɓa yin haka aka hana ni yaro ba.

Maganar tsaro ta fi nauyi. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, labari ne na yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A da, ɗalibaina na karanta shi a matsayin tarihin zamanin bauta. Yanzu a kowane aji akwai wanda aka taɓa ɗauke wani nasa. Na yi ta jinkirin sa shi, har yaran da kansu suka matsa. Yarinyar da ta fito a uwar Umar ta roƙe ni in bar ta ta faɗi kalmominta, ba waɗanda na rubuta ba. Ta durƙusa a tsakiyar fili, ta kwance bakin zanenta, ta zube 'yan kuɗin da ke ciki a ƙasa tana ƙirgawa, tana tambayar 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya ko sun ga ɗanta. Ba a yi tafi ba. Wata dattijuwa a sahun gaba ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka tashi ta aiko jikanta ya tambaye ni ko za mu sake yi ranar Asabar, tana son ta zo da maƙwabciyarta.