Bindigar farauta mai sakata da zaɓen harsashinta

Bindiga mai sakata doguwar bindiga ce da maharbi ke ɗurawa da hannunsa bayan kowane harbi. Yana ɗaga mariƙin sakata, ya ja baya kwanson da aka harba ya fice, ya tura gaba sabon harsashi ya shige, sannan ya mayar da mariƙin ƙasa ya kulle. Sunan ya samo asali ne daga yadda ƙarfen yake zurewa ya kulle kamar sakatar ƙofa. Fiye da shekara ɗari ke nan ita ce bindigar da mafarautan manyan namun daji suka fi dogara da ita, saboda ƙarko, da daidaiton harbi, da kuma iya jure harsashi mai ƙarfi.

Asali

Bindiga mai sakata ta farko da wata runduna ta karɓa ita ce ta Johann Nikolaus von Dreyse, wadda sojojin Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, suka amince da ita a 1841. Amma siffar da aka sani a yau ta fito ne daga hannun Paul Mauser a garin Oberndorf na Jamus, da bindigar Gewehr 98 ta shekarar 1898. Tana da haƙora biyu a gaban sakata da ke kulle harsashi a mazauninsa, da na uku a baya don kariya idan na gaba suka gaza. Bindigar sojan Amurka, Springfield M1903, ta kwaikwayi wannan ƙira sosai har sai da aka biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙirarsa. Bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu bindigogin soja da suka yi rara sun cika kasuwa, maƙera suka riƙa rage musu nauyi suna mayar da su na farauta. Kamfanoni ma sun ƙera na farauta zalla, irin su Winchester Model 70 ta 1936 da Remington 700 ta 1962.

Yadda sakata ke kama harsashi

Akwai hanyoyi biyu, kuma mafarauta sun daɗe suna musu a kansu. A ƙirar Mauser, wani dogon ƙarfe mai kama da farce yana damƙe gindin harsashi tun daga lokacin da ya taso daga gidansa, ba ya sakinsa sai ya jefar da kwanson. Ko bindigar tana karkace, ko mutum ya ja sakata rabi cikin firgita, harsashin yana riƙe. A ɗaya hanyar, wadda Remington 700 ke bi, sakata tana tura harsashin ne kawai, ba ta kama shi sai an kulle. Wannan ta fi sauƙin ƙerawa, ta fi araha, kuma daidaiton harbinta ba shi da abin zargi.

Ga mai farautar barewa ko gwanki bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga wanda ɓauna mai rauni za ta iya tasowa kansa daga cikin ciyawa, bambancin na iya zama na rai da mutuwa, shi ya sa ƙwararrun masu jagorancin farauta a Afirka suka fi son mai farce. Da kamfanin Winchester ya cire wannan farce daga Model 70 a 1964 don rage kuɗin ƙira, mafarauta sun yi ta ƙorafi, darajar waɗanda aka ƙera kafin shekarar ta tashi, har daga baya kamfanin ya dawo da shi.

Akwai kuma sakatar da ba a ɗagawa, ja da turawa ne kawai, kamar Blaser R93 ta Jamus. Ta fi sauri, ta fi tsada.

Karanta sunan harsashi

Sunayen harsasai suna rikitar da sabon shiga, domin ba ƙa'ida ɗaya ake bi ba. A tsarin Turai, 7x57 na nufin faɗin ƙwayar harsashi kimanin milimita 7, tsawon kwanso milimita 57. A Amurka da Birtaniya da inci ake awo, sauran sunan kuma yadda mai ƙira ya ga dama. A .30-06 Springfield, .30 faɗi ne, 06 kuwa shekarar 1906 ce da sojan Amurka ya karɓe shi. Harsasan .308 Winchester da .30-06 da .300 Winchester Magnum duk ƙwaya mai faɗi ɗaya suke harbawa, bambancinsu yawan albarushin da kwanso ke ɗauka. Duk da haka ba a sa ɗaya a madadin wani. Sunan harsashin da bindiga ke ci yana hatimce a jikin bututunta, kuma ɗura mata wani daban na iya tarwatsa ta a fuskar mai harbi.

Nauyin ƙwaya ana auna shi da giren, wanda 7,000 ɗinsa suke yin fam ɗaya. Ƙwaya mai giren 180 ta kai giram 11.7, mai giren 300 kuma kimanin giram 19.4.

Wane harsashi ga wace dabba

Ga dabbobi masu matsakaicin jiki, irin barewa da mazo da gadu, harsasan .243 Winchester na 1955, da 6.5x55 na Suwidin, da 7x57 Mauser, da .270 Winchester na 1925 sun wadatar. Shi 6.5x55 duk da ƙanƙantarsa mafarautan Suwidin da Norwe sun daɗe suna kayar da mus da shi, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ta fi doki tsayi, saboda ƙwayarsa doguwa ce siririya mai nutsewa cikin jiki. 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007 kusan wannan aikin yake yi a gajeren kwanso.

Idan mutum bindiga ɗaya zai mallaka don dabbobi iri-iri, da wuya ya yi kuskure da .30-06 ko .308 Winchester na 1952. Na farkon yana fitar da ƙwaya mai giren 180 da gudun kimanin mita 820 a daƙiƙa, ya isa ga gwanki da kanki da manyan barewar Arewacin Amurka, kuma kusan duk inda ake sayar da harsashin farauta ana samunsa. Wannan batu na samuwa ana yawan raina shi, alhali bindigar da harsashinta ya yi wuyar samu sanda ce kawai.

Harsasan da ake kira magnum, kamar 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963, sun fi gudu, ƙwayarsu ba ta saurin faɗuwa a dogon zango. Kuɗin wannan ƙarfi shi ne ƙara mai tsanani, da bututu mai tsawo mai saurin cinyewa, da hauri, wato dukan kafaɗa.

Dabbobi masu haɗari aji ne daban. Giwa da ɓauna da dorina suna da fata mai kauri da ƙashi mai tauri, a nan ne .375 H&H Magnum na kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya fito a 1912, ya zama ma'auni. Ƙasashen Afirka da dama sun sa shi a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a harbi irin waɗannan dabbobi da shi, wasu kuma suna karɓar 9.3x62 da Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905. Sama da su akwai .416 Rigby na 1911 da .458 Winchester Magnum na 1956. Ana yawan kawo labarin W.D.M. Bell, ɗan Sikotilan da ya kashe giwaye kimanin dubu a farkon ƙarni na 20, akasarinsu da 7x57, don a nuna cewa ƙaramin harsashi ya isa. Bell ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa ne har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, kuma yana matsawa kusa ƙwarai. Abin da labarinsa ke koyarwa sanin jikin dabba ne, ba izini ba ne ga kowa ya gwada.

Doka ma tana da ta cewa a wasu wuraren. A Jamus, ban da ƙaramar barewar ro, ba a harbin dabba mai kofato da abin da bai kai milimita 6.5 ba, kuma sai ƙarfinsa ya kai jul 2,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a nisan mita 100. A Ingila da Wales dokar barewa ta 1991 ta sa .240 a matsayin mafi ƙanƙanta ga manyan nau'o'in barewa.

Hauri da ƙwaya

Abin da ya fi lalata harbi shi ne haurin bindiga, wato yadda take dukan kafaɗa idan ta tashi. Haurin .30-06 ya kai ninki biyu na .243, na .375 kuma kusan ninki biyu na .30-06 idan nauyin bindigogin ya yi kusa. Wanda bindigarsa ke ba shi tsoro yakan runtse ido ya fizgi kunama kafin harbi ya tashi, sau da yawa bai ma san yana yi ba. Sakamakon shi ne ƙwaya a ciki ko a cinya, dabba ta gudu ta mutu cikin azaba bayan kwanaki. Babu abin kunya ga mafarauci kamar wannan, kuma girman harsashi ba ya gyara shi. Ƙwayar 7x57 da ta ratsa huhu biyu ta fi ta magnum da ta sami hanji. Saboda haka gwargwadon da ya dace shi ne harsashi mafi ƙarfi da mutum zai iya harbawa sau ashirin a filin gwaji ba tare da jikinsa ya fara gudun bindigar ba, matuƙar ya cika sharaɗin doka.

Ƙirar ƙwayar kanta tana da nauyi daidai da faɗinta. Ana son ta buɗe kamar lema idan ta shiga, amma kada ta warwatse kafin ta kai ga zuciya da huhu. Wani mafarauci Ba'amurke, John Nosler, ya ga ƙwayarsa ta tarwatse a kafaɗar mus a Kanada a 1946, abin da ya kai shi ga ƙera Partition a 1948: ƙwaya mai shinge a tsakiya, gabanta ya buɗe, bayanta ya ci gaba da nutsewa. Daga baya aka samu ƙwayoyin jan ƙarfe zalla marasa dalma, kuma jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019 saboda gubar da take yi wa tsuntsaye masu cin mushe. Ga giwa kuwa ƙwaya mai tauri wadda ba ta buɗewa ake sawa, don ta fasa ƙashi ta wuce.

Ita kanta bindigar

Nauyi ciniki ne: mara nauyi daɗin ɗauka a kan dutse, mai nauyi tana shanye hauri kuma ta fi tsayuwa a hannu. Bututu na santimita 56 zuwa 61 ya dace da yawancin harsasai. Gindin katako ya fi kyau a ido amma yana kumbura da damshi, na roba bai damu da ruwa ba. Abin da ya fi waɗannan shi ne ta zauna a jiki, idan mutum ya ɗora ta a kafaɗa da ido rufe, ya buɗe ya tarar idonsa na tsakiyar madubin saiti. Kunama ta kasance mai tashi tsaf ba tare da jan ƙafa ba. Madubin saiti bai kamata a yi masa rowa ba, domin yawancin manyan dabbobi da asuba da almuru suke fitowa, lokacin da madubi mai arha ke dushewa.

Masu ƙira da yawa suna alkawarin cewa harbi uku za su taru a cikin kusan santimita 3 a nisan mita 100. Wannan a kan teburi ne da buhun yashi. Wurin da ake nema a ƙirjin barewa kuwa kusan faɗin faranti ne, don haka gwajin da ke nuna gaskiya shi ne mafarauci ya kafa faranti, ya harbe shi a durƙushe, a zaune, da kan sandunan jingina, yana ja da baya har ya kai nisan da ya fara kuskurewa. Nan ne iyakar zangonsa da wannan bindiga.