Ɓarawo ya haura gidana a Legas: me doka ta yarje min?

Tun lokacin kullen korona na 2020, da matasan Agege suka riƙa kwana a bakin layi suna ƙona tayoyi saboda tsoron 'yan daban da ake kira One Million Boys, nake amsa waɗannan tambayoyi. Ga su a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Ina da haƙƙin kare gidana?

Ƙwarai. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da kare rai da dukiya, matuƙar ƙarfin da ka yi amfani da shi bai wuce kima ba. Ɗan haya ma haka.

Ai a Kano an ce...

Nan ba Kano ba ce. Dokar laifuffuka ta jihar Legas ta 2011 za a karanta maka.

Zan iya ajiye bindiga?

Ba lasisi, a'a. Ko ta toka ce.

Mun kama shi, jama'a sun taru, sai mu bar shi haka nan?

Ku riƙe shi, ku kira 112 ko 767, ku miƙa shi ga 'yan sanda. Wallahi abin na ƙona min rai idan na ji Bahaushe yana wannan tambayar. Su waye aka fi yi wa ihun "ole" (ɓarawo da Yarbanci) a garin nan in ba mai acaba da mai tura baro ba? Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, taron jama'a ne ya yanke musu hukunci. Duk wanda ya sa hannu a duka har aka mutu, kisan kai ya yi.

Ya shigo da dare da wuƙa, na buge shi ya mutu. Za a ɗaure ni?

Nan kam sai a hankali, domin ya danganta. Idan ya fasa ƙofa, makami a hannunsa, iyalinka na ciki, kai kuma ka tabbata ranka na cikin haɗari, doka na iya wanke ka. Amma alƙali zai tambaya: sara nawa? A gaba ko a baya? Ya riga ya juya zai gudu? Idan ka bi shi har waje, ko ka ƙwace wuƙar sannan ka ci gaba, maganar ta canza. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi ɗan Adamawa a kan irin wannan, don ya riga ya ƙwace makamin.

Ko gaskiya na gare ka, mai yiwuwa ka kwana a Panti, ofishin 'yan sanda masu binciken manyan laifuffuka, kafin a gama bincike. Kada hankalinka ya tashi, tsarewa ba hukunci ba ce. Kada ka gudu, kada ka taɓa gawa ko makamin, ka kira maƙwabta su gani da idonsu. In ka ji rauni, je asibiti a rubuta. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba sai lauyanka ya zo, ka nemi tafinta in Turanci bai zauna maka ba.

Maigadina fa?

Dokar ɗaya ce, shi ma ba a ba shi izinin kisa ba. Zauna da shi yau ka faɗa masa.