Ƙiyasin laka da dattin da ruwan sama ke kwasa

Ƙiyasin laka da datti hanya ce da masana ruwa ke bi, da lissafi da kwamfuta, don gano yawan ƙasa, taki, man mota da sinadarai masu guba da ruwan sama ke kwasowa daga wani yanki zuwa kogi ko tafkin da yankin ke zuba wa ruwa. Irin wannan datti ba shi da bakin bututu guda da za a je a auna. Daga gonaki, tituna da rufin gidaje yake taruwa.

Tushen yawancin lissafin zaizaya shi ne USLE, wani tsarin ƙiyasta ƙasar da ruwan sama ke zaizayewa daga gona, wanda Wischmeier da Smith na ma'aikatar noma ta Amurka suka fitar a 1965, suka sabunta a 1978. Abubuwa shida yake ninkawa: ƙarfin ruwan sama, saurin zaizayar ƙasar, tsawon gangare, tsananinsa, abin da ya rufe ƙasa, da dabarun kariya irin su yin kunya a gicciye. Mizaninsa fili ne mai tsawon mita 22.1 da gangaren kashi 9 cikin ɗari, an huɗe shi amma ba shuka. Abin da yake bayarwa matsakaicin shekara ne na ƙasar da ta bar gona, alhali da yawa daga cikinta kan kwanta a hanya kafin ta kai kogi. Bai kuma lissafa zaizayar kwazazzabo ba, kuma wannan babban giɓi ne.

A birane an fi amfani da SWMM, manhajar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1971. Tana lissafa dattin da ya taru a kan kwalta a kwanakin da ba ruwa, da yadda ruwan ke wanke shi zuwa lambatu. Shi ya sa malalar farko kan fi ƙazanta. A yankunan noma kuwa wata manhajar mai suna SWAT ta fi yaɗuwa. Kowacce sai an daidaita ta da awon da aka ɗauka a kogin kansa kafin a yarda da alƙalumanta.

Da irin wannan ƙiyasi aka ƙayyade wa yankin mashigin tekun Chesapeake na Amurka iyakar dattin da zai riƙa shiga ruwan a 2010, abin da ya shafi jihohi shida da birnin Washington: nauyin fam miliyan 185.9 na naitirojin, fam miliyan 12.5 na fosforas, da fam biliyan 6.45 na laka a shekara.