Riyalizim a Ilmin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa

Riyalizim, wadda wasu malamai ke kira mazhabar duba zahiri, ɗaya ce daga cikin manyan mazhabobin ilmin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma ita ce mafi daɗewa a cikinsu. Gundarin koyarwarta shi ne babu wata hukuma a saman ƙasashen duniya da za ta tilasta musu bin doka, saboda haka kowace ƙasa ita ce gatan kanta, kuma tsira da maslaharta take sa wa gaba. A ƙauye idan rigimar iyakar gona ta tashi, akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a je gaban alƙali, ɗan sanda ya zartar da hukunci. Tsakanin ƙasashe ma akwai Kotun Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya, sai dai ba su da ɗan sandan da zai iya kama babbar ƙasa in ta yi kunnen ƙashi.

Tushen koyarwar

Daga wannan rashin mai tsawatarwa sauran ka'idojin suka fito. Ƙasa ba ta da tabbacin abin da ke zuciyar maƙwabciyarta, ko ta sani yau ba ta san na gobe ba, don shugabanni na sauyawa. Sai ta tanadi makamai. Maƙwabciyar kuma ta ga haka ta tsorata, ita ma ta tanada, a wayi gari kowa ya kashe dukiya kuma hankalin kowa ya ƙara tashi. John Herz ne ya bayyana wannan tsaka-mai-wuyar tsaro a shekarar 1950. Akwai kuma daidaiton ƙarfi: idan wata ƙasa ta nemi fin kowa, sauran kan haɗa kai su taka mata birki, ko da ba sa ga maciji da juna. Haka Ingila da Amurka suka haɗa kai da Tarayyar Sobiyet a 1941 don su kayar da Hitila, da aka gama kuma suka juya wa juna baya.

Asali da manyan malamai

Ana danganta mafarin mazhabar da Tusididis, mutumin Atina, wanda ya rubuta tarihin yaƙin da birninsu ya gwabza da Sifata daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki ya kawo labarin tsibirin Melos. Mutanen tsibirin sun roƙi a bar su 'yan ba-ruwanmu, jakadun Atina suka ce musu maganar adalci sai tsakanin tsara da tsara, mai ƙarfi yana yin abin da ya ga zai iya, marar ƙarfi kuma ya haƙura. Melos ta ƙi miƙa wuya, aka kashe mazanta, aka bautar da mata da yara. Da yawa a nan suke tsayawa da labarin, su ce ai ga kashin dankali nan, babba ya danne ƙarami. Amma Tusididis ya ci gaba. Shekara guda bayan haka, a 415, giyar ƙarfi ta ɗebi Atina ta aika rundunarta Sisili, aka hallaka ta a can, daga ƙarshe kuma ta sha kashi a yaƙin gaba ɗaya.

Bayansa ana ambaton Makiyabeli na Italiya, wanda ya rubuta nasiharsa ga sarakuna a 1513, da Thomas Hobbes na Ingila a 1651. Wasu kan haɗa da Ibnu Khaldun, saboda bayanin da ya yi a Muƙaddima kan yadda daula ke tashi da ƙarfin asabiyya, ta rushe idan jin daɗi ya kashe mata zuciya.

Riyalizim ta zamani kuwa daga tokar yaƙin duniya ta fito. An kafa Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe a 1920 da fatan doka ta hana yaƙi, amma da Italiya ta auka wa Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya je Janiba a 1936 ya kai kuka, ba wanda ya share masa hawaye. E. H. Carr ya caccaki wannan dogon buri a littafinsa na 1939. Hans Morgenthau, Bayahuden Jamus da ya yi hijira zuwa Amurka, shi ya tsara mazhabar a littafinsa Politics Among Nations na 1948, inda ya ɗora tushen rikici a kan halin ɗan Adam na son mulki. Kenneth Waltz a 1979 ya ce ba sai an taɓo hali ba, tsarin duniyar ne da kansa ke tura ƙasashe gasa, ko waliyyai ne ke mulkinsu. John Mearsheimer a 2001 ya ƙara da cewa babbar ƙasa ba ta ƙoshi da ƙarfi sai ta ga ta mamaye yankinta.

Inda hikimarta take

Ana yawan yi wa masu wannan ra'ayi kallon masu son yaƙi, alhali tarihinsu bai nuna haka ba. Morgenthau ya ɗauki taka-tsantsan a matsayin babbar ɗabi'ar ɗan siyasa, kuma ya fito fili ya soki yaƙin Amurka a Biyetnam tun a shekarun 1960. A watan Satumban 2002 malamai 33 na wannan fanni, ciki har da Waltz da Mearsheimer da Stephen Walt, sun sa hannu a wata sanarwa a jaridar New York Times cewa yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ne. Ba a saurare su ba, aka shiga a 2003, kowa kuma ya ga yadda ta kaya. Tambayoyin da mazhabar ke sa shugaba ya yi wa kansa ba su da armashi, amma suna hana ɓarna: ƙarfina ya kai? In na shiga, ta ina zan fita? Ni da nake gefe guda, me wancan yake tsoro?

A iyakar Jigawa da Nijar

Mutumin Gumel ko Maigatari yana zaune ne a kan wani darasin riyalizim. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar wa Faransawa hanyar zuwa Damagaram ta cikin hamada marar rijiyoyi. A sulhun 1904 Ingila ta yarda aka matso da iyakar kudu domin Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Tafkin Chadi, ita kuma Faransa ta sakar mata haƙƙin kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada. Ba a tambayi Bakatsine ko Badamagare ba, dangi ɗaya suka rabu gida biyu.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, dillalai na tafa ciniki a kara, 'yan canji na juya sefa da naira, motoci na lodin dabbobi zuwa Kudu. Sau biyu a 'yan shekarun nan siyasar ƙasashe ta tsayar da wannan hada-hada. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019 don kare noman shinkafa da hana fasa-ƙwauri, duk da ƙa'idar ECOWAS ta 'yancin zirga-zirga, sai Disambar 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfun. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, malamai suka tafi Yamai neman sulhu, wa'adi ya cika ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ɗan riyalizim zai ce barazanar da ba a shirya cikawa ba asarar kwarjini ce kawai. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, a Janairun 2025 ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS, bayan Nijar ta sallami sojojin Faransa da na Amurka ta karɓi na Rasha. A tsakanin nan kuwa talakan bakin iyaka ne ya ji a jikinsa, shi da fatake masu bin ɓarauniyar hanya.

Suka

Masu ra'ayin haɗin kai irin su Robert Keohane sun ce ciniki da ƙungiyoyin duniya na iya rage zargin juna, suna kafa hujja da Faransa da Jamus, waɗanda suka yi yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945 amma yau kuɗinsu ɗaya. Alexander Wendt a 1992 ya ce gaba da aminci abubuwa ne da ƙasashe ke ƙullawa da hannunsu, rashin hukuma a sama bai wajabta ko ɗaya ba. An kuma zargi mazhabar da kasa hango rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Batun Bakassi ma ya zame mata ƙarfen ƙafa: Najeriya ta fi Kamaru ƙarfin soja nesa ba kusa ba, amma ta bi hukuncin Kotun Duniya na 2002, ta kammala miƙa yankin a 2008.

Sukar da ta fi shafar Sahel ita ce ta Mohammed Ayoob, wanda ya gyara mazhabar daga ciki. Ya ce an gina ta ne a kan ƙasashen Turai masu kafaffen iko, alhali a yawancin ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka barazanar daga cikin gida take. Boko Haram da 'yan bindigar daji ba ƙasashe ba ne, ba su da jakadu, amma su ne suka fi cin rayuka da kasafin tsaro a Najeriya da Nijar, Boko Haram ce kuma ta sa ƙasashen Tafkin Chadi suka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa a 2015.