Gina ƙashin muƙamuƙi da garin haƙori

Gina ƙashin muƙamuƙi da garin haƙori dabara ce ta likitocin haƙori, wadda a cikinta ake niƙa haƙorin da aka cire wa mutum, a tsabtace shi, sannan a mayar da shi gurbin da ya bari domin sabon ƙashi ya tofo, a samu inda za a kafa dashen haƙori daga baya. Dalilin yin haka shi ne, da zarar haƙori ya fita sai ƙashin da ke riƙe da shi ya fara zaizayewa, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda, kuma mafi yawan raguwar a watanni 3 na farko take faruwa. Kusar ƙarfen titaniyam da ake dasawa don ta riƙe sabon haƙori kuwa ba ta kamawa sai ta sami ƙashi mai kauri.

Abin da ya sa haƙori ya dace da wannan aiki shi ne dantin, wato sashen da ke ƙarƙashin farin ɓawon haƙori, wanda ya yi kama da ƙashi ƙwarai: kimanin kashi 70 cikin 100 ma'adinai ne, 20 sinadaran gina jiki, galibinsu kolajin, wato sinadarin da ke ba ƙashi da fata ƙarfi, 10 kuma ruwa. Tun a 1967 Marshall Urist da abokin aikinsa Yeomans suka nuna a Amurka cewa dantin da aka rage wa ma'adinai yana haifar da ƙashi a jikin zomo, amma sai bayan shekara ta 2000 likitoci a Japan da Koriya ta Kudu suka kai dabarar ga marasa lafiya.

Likita yakan kankare ruɓa da ciko da ragowar nama daga haƙorin, ya busar da shi, ya sa a wata 'yar na'ura, irin su Smart Dentin Grinder, ta mayar da shi tsaki-tsaki kamar garin rogo. Daga nan a jiƙa shi a ruwan magani, a ɗauraye, a cusa a gurbin, a ɗinke dasashi. Shirya garin bai cika wuce minti 20 ba, amma jiran ƙashi ya haɗe yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Ba kowane haƙori ke shiga ba. Wanda aka yi wa aikin jijiya, wato aka cire jijiyar cikinsa aka cike wurin, akan ajiye shi gefe, kuma idan giɓin ya yi girma, haƙori ɗaya ba ya isa. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba su ma suna jinkirta warkewa.

A ganina, ga mazauna Nima da Sabon Zongo a Accra, ko Aboabo a Kumasi, babbar fa'idar dabarar ita ce kwanciyar hankali. Wasu kayan cike ƙashi da ake shigowa da su daga ƙashin shanu ake yin su, wasu daga na alade, wasu daga gawar ɗan Adam, kuma Musulmi da yawa ba sa sakin jiki da su. Wannan kuwa daga jikin marar lafiyar kansa ya fito, ba a kuma yanke shi a haɓa ko ƙugu don ɗebo ƙashi ba.

Inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, NHIS, tana biyan cire haƙori amma ba ta biyan haƙoran roba, saboda haka mai son dashe daga aljihunsa zai biya. Akwai sassan haƙori a asibitocin koyarwa na Korle Bu da Komfo Anokye, kuma ya kamata a tambayi likita ko za a iya amfani da wannan dabara tun kafin a cire haƙorin, domin da zarar an jefar da shi, damar ta wuce.