Mene ne gemifikeshon, kuma me yake yi a ɗakin lacca?

Gemifikeshon kalma ce da aka aro daga Turanci, ta kuma yi tashe daga wajen 2010. Ma'anarta ita ce a ɗebo kayan wasa, irin su maki, gasa da jerin gwanaye, a ɗora su kan abin da ba wasa ba, kamar karatun jami'a.

Misalin da aka fi sani shi ne Kahoot!, wani dandalin tambaya da amsa na intanet, wanda aka ƙaddamar a Norway a 2013 bisa binciken Farfesa Alf Inge Wang na jami'ar NTNU da ke Trondheim. Malami ya haska tambaya a allo, ɗalibai su shiga ta wayoyinsu da wata lamba. Amsoshi huɗu ne, kowacce da launinta: ja, shuɗi, rawaya, kore. Agogo na tafiya, wanda ya dace da amsa da wuri shi ke kwashe maki mafi yawa.

Ni dai ba gasar ce ke burge ni ba. Duk wanda ya zauna a babban ɗakin lacca ya san yadda ake yi: malami ya ce "kun gane?", kowa ya amsa "eh", alhali da yawa kunya ce ta hana su ɗaga hannu. A nan kuwa, da zarar lokaci ya cika, allo zai nuna mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. In rabin aji sun danna ja, amsa kuma kore ce, malami ya gano inda gizo ke saƙa tun kafin jarrabawa. Ɗalibi ma yana iya shiga da laƙabi, ba mai nuna shi da yatsa. Matsalar ita ce fifita sauri: mai tunani a natse, ko wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa, shi ake bari a baya.

Kada a haɗa wannan da wasan da shi kansa ne darasin. Foldit, wanda jami'ar Washington ta Amurka ta fitar a 2008, yana sa ɗan wasa ya riƙa lanƙwasa siffar furotin (sinadarin da ke gina jikin halittu) a kwamfuta, malaman kimiyya kuma na koyarwa da shi. A 2011 'yan wasansa suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar da ke kama birai, dangin ƙanjamau, cikin makonni kaɗan, bayan ya gagari masana fiye da shekara 10.