Tuba da dogara ga Allah a koyarwar Katolika: tambayoyi da amsoshi

Wanda aka riga aka yi wa baftisma, wace tuba kuma ta rage masa?

Baftisma tana wanke zunubi, amma ba ta kashe son zuciya. Mutum zai fito daga ruwan da saurin fushinsa da kwaɗayinsa, su ne zai yi ta fama da su. Shi ya sa littafin koyarwar cocin, wanda ya fito a 1992, yake maganar tuba ta biyu, wadda ba ta ƙarewa sai rai ya ƙare. Dubi Bitrus, ɗaya daga cikin manzannin Yesu. Ya daɗe yana bin Yesu, amma a tsakar gidan babban firist, yana jin ɗumin wuta, wata baiwa ta ce ta gane shi, ya ce bai san mutumin ba. Sau uku ya musanta. Da zakara ya yi cara, ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Ina dogara ga Allah ta shigo a nan?

A ganina, nan ne gindin maganar. Yahuda ma, wanda ya ci amanar Yesu, ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da ya karɓa. Amma ya ɗebe tsammani daga jinƙai, ya je ya rataye kansa. Bitrus kuwa ya tsaya da kunyarsa har ranar da Yesu ya tambaye shi sau uku a bakin teku ko yana ƙaunarsa. Nadamar da ba dogara a cikinta cin rai kawai take yi. Wata sista 'yar ƙasar Folan, Faustina Kowalska, wadda ta rasu a 1938, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa ta cikin tsarkaka a 2000, ta bar wa masu bi gajeriyar addu'a: "Yesu, na dogara gare ka." Mutane da yawa ita suke iya furtawa a ranar da doguwar addu'a ta gagare su.

Me ya sa sai an faɗa wa fada, wato firist na coci, zunubi? Allah bai ji ne?

Yana ji sarai. Katolika suna kafa hujja da Yohanna 20:23, inda Yesu ya ba manzanni ikon gafarta zunubai, don haka fada wakili ne, Allah ne mai gafara. Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa durƙusawa a wurin ya sani: laifin da kake ta lulluɓewa a zuci, da zarar ka kira shi da sunansa da bakinka, uzurin ya ƙare. Tun 1215 majalisar cocin da ta zauna a Lateran ta wajabta furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara. Fada kuma ba shi da damar fallasa abin da ya ji, ko da za a kashe shi.

Aikin tuba da fada ke bayarwa, biyan kuɗin gafara ne?

A'a, gafara kyauta ce. Aikin tuba gyaran ɓarna ne: wanda ya yi sata ya mayar, wanda ya ɓata sunan wani ya je ya wanke shi. Wannan ya fi 'yan addu'o'i wuya nesa ba kusa ba.

To azumi fa?

Addu'a da azumi da sadaka tare suke tafiya, kamar yadda suka zo a Matiyu sura 6. Azumi wajibi ne ranar Larabar Toka, wadda ke buɗe kwanaki arba'in na shirin Ista, da Juma'ar da aka gicciye Yesu, ga masu shekara 18 zuwa 59.

Idan kullum zunubi ɗaya nake komawa in furta?

Ka koma ɗin. Agustin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo, ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ba shi tsarkin rai, amma ba yanzu ba. Mahaifiyarsa Monika tana ta yi masa addu'a da hawaye, sai a 387, yana da shekara 32, Ambrose, bishop na Milan, ya yi masa baftisma a birnin. Abin da ake nema gare ka shi ne niyyar gaskiya ta bari, da nisantar abin da ke jan ka. Idan ta waya kake faɗuwa da dare, kada ta kwana kusa da kai.